Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin Kirifto Daga Walat Zuwa Bulo, Da Yadda Ake Karanta Kwantiragi Kafin A Sa Hannu

Duk wanda ya taɓa zaman shago ya san littafin bashi. Wane ya ɗauki buhu biyu, wane ya kawo rabin kuɗi, saura kaza. Littafin yana hannun mutum ɗaya, in ya ga dama ya goge layi ko ya ƙara sifili, kai kuma sai dai ka ce Allah ya isa. Banki ma littafi yake riƙewa, sai dai nasa ya fi girma kuma akwai hukuma a kansa. Abin da ake kira bulokcen littafi ne irin wannan, amma an kwafe shi a dubban kwamfutoci a faɗin duniya, kuma ba a ƙara masa shafi sai kwamfutocin sun duba sun ga lissafi ya yi daidai. Kowane shafi shi ake kira bulo. Kuɗin kirifto kuwa, irin su Bitcoin da Ether, ba wani abu ba ne illa lambobin da ke rubuce a cikin littafin.

Ba zan ce ka saya ba, ba zan ce kada ka saya ba. Malamai ma sun yi saɓani a kan hukuncinsa, wannan kuma ka kai wa malaminka. Abin da na lura da shi dai, mutane da yawa suna shiga harkar da kuɗin gumi alhali ko sau ɗaya ba su taɓa buɗe littafin sun leƙa ba, ga shi kuwa a buɗe yake, kyauta. Matakan nan kusan duka za ka iya yin su da waya da ɗan data, ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Mataki na farko: ka ga hatimin da idonka

Shiga intanet ka nemi shafin da ke lissafa SHA-256, suna da yawa. Rubuta abc da ƙananan baƙaƙe. Zai fito maka da jerin haruffa da lambobi guda 64 da suka fara da ba7816bf. Ko a Kano ka rubuta ko a Tokyo, amsar ɗaya ce. Yanzu ka canza c ta koma d. Duk jerin zai rikiɗe, ba abin da zai yi kama da na farko. Wannan jerin shi ake kira hash, kuma ka ɗauke shi kamar zanen ɗan yatsa na rubutu: kowane rubutu da nasa, kuma daga zanen ba za ka iya komawa ka gano rubutun ba.

A nan sirrin sarƙar yake. Kowane bulo yana ɗauke da hash ɗin bulon da ya gabace shi. Idan ɓarawo ya koma shafin bara ya canza ko da lamba ɗaya, hash ɗin shafin ya canza, shafin da ke biye ya daina dacewa da shi, na gaba ma haka, har zuwa na yau. Kenan sai ya sake gina duk abin da ya biyo baya, kuma ya riga sauran duniya da ke ci gaba da ƙara nasu. Wanda ya fahimci wannan gwajin na abc ya fahimci rabin karatun.

Mataki na biyu: buɗe littafin

Bulokcen ba ɗaya ba ne: Bitcoin da nasa littafin, Ethereum (mai kuɗin Ether) da nata, Tron ma da nata, kuma kowanne da shafin da ake leƙa shi. Ga Bitcoin, shiga mempool.space. Ga Ethereum, Etherscan. Ga Tron, Tronscan. Ba a neman rajista, ba a neman sunanka.

A mempool.space ka rubuta 0 a wurin bincike. Wannan shi ne bulon farko, wanda wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya kafa ranar 3 ga Janairu 2009, wata biyu da 'yan kwanaki bayan ya fitar da takardar da ta bayyana tsarin a ƙarshen Oktoba 2008. Sai ka rubuta 170. A cikin wannan bulon za ka ga aikawar farko tsakanin mutum da mutum, Bitcoin 10 da Satoshi ya tura wa Hal Finney a Janairun 2009. Shekaru sun wuce, Finney ya rasu a 2014, amma layin yana nan yadda aka rubuta shi.

Ka koma shafin farko ka zauna kamar minti goma sha biyar kana kallo. Za ka ga aikawa suna taruwa a gefe guda suna jiran layi, can sai sabon bulo ya fito ya kwashe wasu. A matsakaici duk minti 10 ake samun bulo ɗaya. Masu rubuta shi su ne ake kira masu haƙa, ko 'yan mainin kamar yadda matasa ke faɗa. Aikinsu tsere ne: injinansu suna ta canza wata lamba a cikin bulon suna lissafa hash, sau biliyoyi, har wani ya dace da hash mai sifili masu yawa a farko. Wanda ya dace shi ke da shafin da ladansa. Ladan ya fara da Bitcoin 50, ana raba shi biyu duk bayan bulo 210,000, kuma tun Afrilun 2024 ya koma 3.125. Da wannan ragin ne adadin Bitcoin ba zai taɓa haura miliyan 21 ba. Idan injina suka yi yawa tseren ya yi sauri, tsarin da kansa yana ƙara wahalar aikin duk bayan bulo 2,016.

Bari in faɗi wata magana a nan, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Dangwala fuskar waya da aka yi ta yi a 2024, lokacin Notcoin da Hamster Kombat, ba haƙa ba ne a wannan ma'anar. Maki ne kamfani yake rubuta maka a nasa littafin, daga baya ya raba abin da ya ga dama. Haƙar Bitcoin ta gaskiya wutar lantarki take ci da injina na musamman, waya ba ta iya ta.

Ethereum ta bar wannan tseren ranar 15 ga Satumba 2022. Yanzu wanda ke son rubuta bulo sai ya ajiye jinginar Ether 32, tsarin ya riƙa zaɓo mutum ɗaya duk daƙiƙa 12. In ya yi maguɗi a yanke daga jinginarsa.

Mataki na uku: buɗe walat, kuma a nan ka nutsu

Sauke manhajar walat irin MetaMask ko Trust Wallet, daga shafinsu na ainihi ko daga rumbun manhajoji na wayarka, ka duba sunan kamfanin da kyau domin jabu sun yi yawa. Kada ka bi adireshin da wani ya turo maka a WhatsApp ko Telegram.

Da ka zaɓi buɗe sabo, manhajar za ta nuna maka kalmomin Turanci 12, wasu 24. An tsamo su ne daga wani sanannen jeri mai kalmomi 2,048. Daga waɗannan kalmomin ake samar da mabuɗinka na sirri, daga mabuɗin kuma ake samar da adireshinka. Adireshi kamar lambar asusu ne, kowa ka ba shi ba komai. Mabuɗi shi ne sa hannunka. Walat ɗin ba ya ɗauke da kuɗi a cikinsa, kuɗin suna cikin littafi. Abin da walat ke riƙewa mabuɗin ne kawai. Shi ya sa in wayarka ta faɗa rijiya ba ka yi asarar komai ba muddin kalmomin suna hannunka: ka sayi wata, ka shigar da su bi da bi, komai ya dawo. Shi ya sa kuma duk wanda ya ga kalmomin ya zama kai, ko yana wace ƙasa.

To ga yadda za ka yi. Ɗauki biro da takarda ka rubuta su da lambobinsu, ɗaya zuwa goma sha biyu, domin jerin yana da muhimmanci. Ka sake karantawa harafi-harafi. Yi kwafi biyu, ka ajiye a wurare biyu da ruwa da gara da yara ba sa kaiwa. Kada ka ɗauke su hoto, domin hotunan waya suna hawa intanet da kansu ba ka sani ba. Kada ka tura wa kanka a saƙo. Kada ka bari mai shagon waya ya buɗe maka walat, ko da abokinka ne na ƙuruciya. Sannan, tun babu ko kwabo a ciki, goge manhajar ka sake saukewa ka gwada dawo da walat ɗin da takardarka. In adireshin da ya fito shi ne na ɗazu, rubutunka ya yi. Mutane kaɗan ne ke yin wannan gwajin, kuma gara ka gano kuskuren harafi yau da ka gano shi ranar da waya ta ɓata.

Akwai wani Bature a Newport ta ƙasar Wales, James Howells, wanda ma'ajiyar kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 ta tafi juji a 2013. Ya yi shekaru yana neman izinin tona jujin bai samu ba. Kuɗin suna nan a littafi kowa yana gani, ba mai iya taɓawa. Ka kuma yi tunanin magada: in mutum ya rasu ba wanda ya san inda takardar take, dukiyar ta fita daga gado ke nan har abada. Ka sanar da amintacce ɗaya inda take, ba sai ka karanta masa abin da ke ciki ba.

Wanda ya bar kuɗinsa a kasuwar musaya kuwa, mabuɗin yana hannun kamfanin, shi alkawari kawai yake riƙe da shi. Masu ajiya a kasuwar Mt. Gox sun ga haka da ta rushe a 2014, na FTX sun gani da tasu ta rushe a Nuwamban 2022.

Mataki na huɗu: aikawar gwaji

Ethereum tana da filin atisaye mai suna Sepolia, inda kuɗin ba su da wata daraja. A cikin saitin MetaMask ka kunna hanyoyin gwaji, ka zaɓi Sepolia, ka nemi shafin da ke raba Ether na gwaji kyauta. Buɗe asusu na biyu a cikin walat ɗin, ka tura daga na farko zuwa na biyu.

Kafin ka danna, abu uku za ka duba, kuma su ne za ka riƙa dubawa har ranar da ka fara aika kuɗin gaske.

Na ɗaya hanya. USDT, kuɗin kirifton kamfanin Tether da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, guda ce a suna, amma tana tafiya a kan littattafai daban-daban. Adireshin Tron da T yake farawa. Na Ethereum da 0x, haruffa 42 ne. Na Bitcoin da bc1 ko 1 ko 3. Tarkon shi ne BNB Chain da wasu hanyoyin su ma da 0x suke farawa, don haka adireshi kaɗai ba zai gaya maka hanya ba. Tambayi mai karɓa a fili: ta wace hanya zan turo?

Na biyu adireshin kansa. Kwafa ka liƙa, kada ka rubuta da hannu, sannan ka gwada farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa da wanda aka ba ka. Akwai muguwar manhaja da ke musanya adireshin da ka kwafa da na ɓarawo. Akwai kuma masu turo maka ɗan ƙwarya-ƙwaryan kuɗi daga adireshi mai kama da na abokin cinikinka a farko da ƙarshe, suna fatan gobe ka kwafo daga tarihin aikawarka. Kada ka taɓa kwafo adireshi daga tarihi.

Na uku kuɗin gas, wato abin da kake biya don a rubuta aikawarka a littafin. A Ethereum aikawar Ether zalla tana cin gas 21,000. Farashin kowane gas ana faɗinsa da gwei, kashi ɗaya cikin biliyan na Ether. In farashin gwei 10 ne, lissafin ya zama gwei 210,000, wato Ether 0.00021. Farashin yana hawa yana sauka gwargwadon cunkoso, kamar kuɗin mota a jajibirin Sallah. Abin da ke ɗaure wa sababbin shiga kai shi ne da kuɗin gidan ake biyan gas. Kana iya samun USDT 500 a Tron ka kasa motsa ko ɗaya saboda ba ka da TRX, kuɗin gidan Tron, ko a Ethereum saboda ba ka da Ether.

Idan ka danna tabbatarwa, walat ya sa hannu da mabuɗinka a cikin wayar, ya watsa saƙon. Mabuɗin bai fita ba, sa hannun ne ya fita, kuma kowace kwamfuta tana iya tabbatar da shi ba tare da ta ga mabuɗin ba.

Mataki na biyar: bi sawu

Walat zai ba ka lambar aikawar, ita ma hash ce. Liƙa ta a Etherscan na Sepolia. Da farko za ka ga tana jira, bayan 'yan daƙiƙu ta shiga bulo. Duba wanda ya aika, wanda ya karɓa, adadi, da lambar bulo. Duk bulon da aka ɗora a kai tabbaci ɗaya ne. A Bitcoin al'ada ita ce a jira shida in kuɗin masu yawa ne, kimanin awa guda. A Ethereum bayan kamar minti 13 maganar ta rufu. Daga nan babu manajan da za ka je wa kuka, babu fom ɗin da za ka cike a dawo maka da kuɗi. Saboda haka in wani ya ce ya turo maka, kada ka karɓi hoton fuskar waya a matsayin shaida. Ka ce ya ba ka lambar aikawa ka duba da kanka.

Mataki na shida: karanta kwantiragi mai zartar da kansa

Ka tuna adashi. Mutum goma, kowa ya zuba dubu goma duk Juma'a, uwar adashi ta tattara ta miƙa wa wanda kwasarsa ta zo. Duk tsarin ya rataya ne a kan amanarta. Yanzu ka ɗauka an rubuta ƙa'idojin a matsayin manhaja: ga adireshi goma, ga adadi, ga jerin kwasa, in zubi ya cika a saki kuɗi ga na gaba. Aka ɗora manhajar a kan bulokcen, ta samu nata adireshin, tana riƙe kuɗi da kanta. Wannan shi ne kwantiragi mai zartar da kansa. Nick Szabo ne ya fito da tunanin tun shekarun 1990, yana misali da injin sayar da lemo da kake jefa wa kuɗi ya sako maka kwalba. Ethereum, wadda Vitalik Buterin da abokansa suka ƙaddamar ranar 30 ga Yuli 2015, ita ta mai da shi abin da kowa zai iya ginawa.

Amma uwar adashi tana da abin da manhaja ba ta da shi. In matar wane ta haihu, za ta iya cewa a ba shi kwasar wannan makon. Kwantiragi ba ya jin roƙo, kuma ba ya sanin abin da marubucinsa ya yi nufi, abin da ya rubuta kawai yake bi. A Yunin 2016 wani ya gano ɓaraka a kwantiragin da ake kira The DAO ya janye Ether kusan miliyan 3.6. Rigimar da ta biyo baya ce ta raba hanyar gida biyu, Ethereum da Ethereum Classic. Haka nan kwantiragi ba ya ganin abin da ke wajen littafi. Bai san farashin dala ba, bai san ko kaya sun iso Kwari ba, sai wani ya gaya masa, kuma in mai gaya masan ya yi ƙarya, a kan ƙaryar zai zartar.

Ga gwaji. A Etherscan ka nemi USDT, wanda adireshin kwantiraginsa ya fara da 0xdAC17F. Shiga sashen Contract. Alamar kore tana nufin an bayyana rubutun manhajar kowa ya gani. Danna Read Contract, nemi balanceOf, liƙa kowane adireshi, zai faɗa maka USDT nawa ke ciki. Ka cire lambobi shida na ƙarshe, su ne kwabbai. Ka gane ke nan cewa USDT ba wani tsabar kuɗi ba ne, jadawali ne a cikin kwantiragi, kuma aika shi roƙon kwantiragin ne ya rage a layinka ya ƙara a na wani. Shi ya sa gas ɗinsa ya ninka na aikawar Ether. Leƙa kuma Write Contract, za ka ga addBlackList. Da shi kamfanin Tether ke daskarar da adireshi, kuma ya sha yin hakan. Masu cewa kirifto ba shi da mai iko, wannan layin ya ishe su amsa.

Duk kwantiragin da za ka zuba wa kuɗi, ka yi masa waɗannan tambayoyin: an bayyana rubutunsa? Wa ke da ikon canza shi, ko dakatar da shi, ko buga sababbin kuɗi? Adireshi nawa ke riƙe da mafi yawan kuɗin? Sashen Holders zai nuna maka. In adireshi biyu ko uku suka riƙe kusan komai, ranar da suka sayar kai za a bari da buhun iska.

Mataki na bakwai: sa hannun da ya fi cin mutane

Idan za ka musanya USDT a kasuwa irin Uniswap, sau biyu za ka sa hannu. Na farko shi ne Approve, wato ka ba kwantiragin izinin ɗiba daga kuɗinka. Na biyu shi ne musayar. Sau da yawa izinin farkon ba shi da iyaka, kuma ba ya mutuwa da kansa. Da wannan ƙofar shafukan bogi ke shiga: a ce ka ci kyauta, ka haɗa walat ka danna, alhali abin da ka sa wa hannu izini ne na kwashe komai. Ba su buƙaci kalmominka 12 ba, kai ka buɗe musu.

Maganinsa, karanta abin da walat ya nuna kafin ka tabbatar. In ya ba ka damar gyara adadi, rubuta iya abin da za ka musanya. Lokaci-lokaci ka shiga revoke.cash ko sashen izini na Etherscan, ka liƙa adireshinka, ka soke duk izinin da ba ka buƙata; sokewar tana cin ɗan gas. Ni a ganina ma walat biyu ya kamata mutum ya riƙe, ɗaya na ajiya da ba ya haɗuwa da kowane shafi, ɗaya na yawo mai ɗan canji.

Mataki na takwas: shiga da fita da naira

A Najeriya dokar ta sha juyawa. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, a Disamban 2023 ya janye hanin, a Maris 2024 kasuwar musayar kirifto ta Binance ta daina hulɗa da naira, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC, mai kula da harkar hannun jari. Don haka kafin ka ba kowane kamfani kuɗinka, duba sunansa a shafin hukumar. Wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Lambobin da ke hawa a fuskar manhajarsu ba a cikin bulokcen suke ba, su ke rubuta abinsu.

In ciniki tsakanin mutum da mutum za ka yi, wanda ake ce wa P2P, ka tsaya a cikin manhajar da ke riƙe kuɗin a tsakiya har a gama. In kai ne mai sayarwa, kada ka saki kirifto saboda alat ya shigo ta saƙon waya. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, ka ga sunan wanda ya turo ya dace da sunan mai saye. In sunan wani ne daban, mayar da kuɗin ta hanyar da suka zo ka kai ƙara a cikin manhajar, domin kuɗin sata in suka ratsa asusunka kai za a rufe wa asusu. In kai ne mai saye, da kirifton ya shigo ka tura ɗan kaɗan zuwa walat ɗinka, kamar na dala biyu, ka ɗauki lambar aikawar ka duba ta a Tronscan ko Etherscan. Sai ka ga ta zauna a bulo, adireshin naka ne, sannan ka tura sauran.